Charles S. Roberts: Yaƙi a kan Taswira, da Abin da Taswirar ta Ɓoye

Ranar 20 ga Agusta 2010 Charles S. Roberts ya rasu, yana da shekara 80. Haifaffen Baltimore ne a Amurka, kuma shi ake ɗauka uban wasan yaƙi na kan allo irin na zamani. Tun 1824 hafsoshin Furusiya ke koyon dabarun yaƙi a kan taswira, amma Roberts ne ya fitar da abin daga bariki, ya sa shi cikin kwali, ya kai shi kasuwa: Tactics a 1954, sai kamfanin Avalon Hill da wasan Gettysburg a 1958.

Mai buga dara ya san ƴaƴansa 12 duk ƙarfinsu ɗaya, gidajen ma ba su bambanta ba. Roberts ya rushe wannan daidaito. Kowane guntun kwali runduna ce mai lambar ƙarfinta da ta saurinta. Kogi da tudu da daji suna rage tafiya. In runduna biyu suka haɗu, sai a auna ƙarfinsu, misali uku da ɗaya, a jefa ɗan lido, a karanta sakamako a jadawali. Daga 1961 ya zana taswirarsa da gidaje masu kusurwa shida, don nisa ya daidaita ta kowace fuska.

Gagarumar gudummawarsa ita ce mayar da tarihi tambaya. Littafi yakan nuna faɗan Gettysburg na 1863 tamkar abin da ba makawa. Wasan kuwa yana ɗora wa mai bugawa nauyin zaɓi, har ya gane cewa janar Lee yana da wasu hanyoyin da bai bi ba. Wannan darasi ne da malamin tarihi zai so.

Sai dai idon da Roberts ya ara mana idon janar ne. Mutum kimanin 50,000 aka kashe ko aka raunata ko suka ɓace a Gettysburg. A kan allo, kwali kawai ake ɗagewa. A Afrika Korps na 1964, Rommel da Ingilishi suna ja-in-ja a hamadar Libiya da Masar, ana lissafin guzuri da tashar Tobruk, amma mutanen ƙasar, waɗanda aka yi yaƙin a kan rijiyoyinsu, ba su da ko lamba ɗaya.

Bashi ya raba shi da kamfaninsa a 1963, daga baya ya koma rubuta tarihin jirgin ƙasa; Hasbro ta sayi Avalon Hill a 1998. Tsarinsa kuwa ya wanzu. Malamin da zai shigar da shi aji, ya kyautu bayan an tashi wasa ya tambayi ɗalibai: su wa aka bari a wajen taswira?