Tangaran Mai Ruwan Tsanwa na Ƙasar Sin: Da Wane Ma'auni Za A Auna Shi?

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta sake duba hukuncin da aka daɗe ana yanke wa koren tangaran da Sinawa suka fara ginawa, wato cewa mataki ne kawai na koyo kafin a kai ga farin tangaran. Ra'ayin takardar shi ne ma'aunin da aka yi amfani da shi baƙo ne, kuma bai yi wa maginan adalci ba.

2.0 Asali da Yadda Ake Yi

Tun zamanin daular Shang, fiye da shekara 1000 kafin Miladiyya, magina a kudancin Sin suke toya yumɓu da wuta mai zafin kusan digiri 1200, suna shafa masa ruwan toka wanda ke narkewa ya zama kamar gilashi. Aikin ya nuna sosai a yankin Shangyu na lardin Zhejiang a zamanin daular Han ta Gabas (25 zuwa 220). Launin kuwa ba rini ba ne. Ɗan sinadarin ƙarfe ne da ke cikin shafen: in an rage wa wuta iska sai ya koma tsanwa, in iska ta yi yawa sai ya yi rawaya ko ƙasa-ƙasa. Ashe launin kansa shaida ne na yadda magini ya iya sarrafa wutarsa.

3.0 Matsalar Ma'auni

A wurin Turawa, ba a kiran abu tangaran na haƙiƙa sai ya kasance fari, haske na ratsa shi. Da wannan ne suka ajiye koren a mataki na ƙasa. Su kuwa Sinawa kalma ɗaya suke kiran fari da kore da ita, wato ci, domin abin da suke dubawa shi ne tauri, da rashin tsotsar ruwa, da ƙarar da kwano ke yi in an ƙwanƙwasa shi. Har ila yau, Lu Yu, wanda ya rubuta littafinsa kan shayi wajen shekarar 760, ya fifita kwanukan Yue masu ruwan tsanwa a kan fararen kwanukan Xing. Ke nan a lokacin da farin ya riga ya samu, masu shi sun gan shi, amma suka zaɓi kore.

Babbar hujja ta fito a 1987, lokacin da aka buɗe ɗakin ƙarƙashin ƙasa na haikalin Famen a lardin Shaanxi, wanda aka rufe tun 874. An sami wani allon dutse da ya lissafa kyautar fada, ciki har da tangaran 13 da aka kira mise, wato launin asiri, aka kuma same su a wurin. Wanda ya dubi farantan da ke cikinsu zai ga ba zane, ba ado; baki ne mai lanƙwasa kamar fure, da shafe mai laushi wanda ke sa a zaci akwai ruwa kwance a ciki. Tonon da aka yi a Housi'ao, bakin tafkin Shanglin, daga 2015 zuwa 2017, ya nuna sirrin: ana sa kayan cikin akwatin yumɓu mai kyau, a liƙe bakinsa da ruwan shafe don kada iska ta shiga, in an gama toyi sai an fasa shi. Ba mai yin wannan asara don abin da yake ɗauka na koyo ne.

4.0 Kammalawa

Tarkacen kwanukan Yue da aka tono a Fusɗaɗ ta Masar da Samarra ta Iraƙi sun nuna cewa fatake ma sun san darajarsu. Saboda haka ya kamata manazarta su auna wannan tangaran da abin da maginansa suka nufa: daidaiton launi, da tsabtar siffa, da ƙwarewa wajen mallakar wuta.