Jan Biro da Hausar Zango a Tamale

Yaron zangon Tamale kan rubuta "baki sun zo" maimakon "baƙi sun zo", ko "Amina ya tafi". Malamin da ke auna aikin gida da Daidaitacciyar Hausa, wadda aka gina bisa karin Kano, sai ya ja layi ya zabge maki. Alhali abin da kunnen yaron ya ji shi ya rubuta: a Hausar Ghana galibi ƙ, ɗ, ɓ sun saje da k, d, b, bambancin jinsi kuma ya raunana. Wannan sha'anin kari ne, sai an koyar da furuci tukuna. Rubuta "yazo" a haɗe kuwa karya ƙa'idar rubutu ne, nan ya dace jan biro ya yi aiki.