Mendelssohn da Gadon Bach: Rai a Tsohon Salo

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin turmi a Cadawa, mata uku na lugude, ya san abin da Turawa ke nufi da kiɗan muryoyi masu saƙa: kowace taɓarya da nata lokacin, babu wadda ke jiran wata ta gama, kuma babu karo. Wannan ya bambanta da amshi, inda ƴan amshi kan saurara sai jagora ya sauke baiti. A salon da ake kira fuga, murya ta farko takan kawo jigo, ta biyu ta ɗauke shi alhali ta farko na ci gaba da tafiyarta, har su kai huɗu, duka a yatsun mutum guda a kan piyano.

Gwanin wannan salo shi ne Bach, wanda ya rasu a 1750. Lokacin da aka haifi Felix Mendelssohn a Hamburg a 1809, ana ganin fuga aikin ɗalibai ne da na majami'a. Malaminsa Zelter ya hore shi a kanta tun yana yaro, kuma Mendelssohn ne ya farfaɗo da babban aikin Bach kan Linjilar Matiyu a Balin a 1829. A 1837 ya fitar da fuga shida, kowace da sharar fagenta, a kundinsa mai lamba 35.

Ta farko ce ta cancanci a daɗe a kanta. Ya tsara ta a 1827, kuma wani amininsa ya ruwaito cewa a gefen gadon abokinsa da ke jinyar ajali ya rubuta ta. Takan fara a hankali daga ƙasan piyano, sannan ta yi ta ƙara sauri, jigon ya juye kansa ƙasa, muryoyin su cushe kamar numfashin mai zazzaɓi. A ƙarshe sai wani taken ibada ya ɓullo daga sama, hannun hagu na ta gudu a ƙarƙashinsa, kafin komai ya lafa. Bach bai saba tsara fuga mai canza sauri haka ba, kuma a nan ne Mendelssohn ya yi magana da bakinsa. Sauran biyar ɗin, a ganina, ba duka suka kai ta ba. Ta biyu tana da daɗi, amma ladabinta ga magabata ya yi yawa.

Ƙungiyoyinmu na al'adu a Agye da Gazawa da Gidan Rumji suna fama da wannan tambayar. Matasa sun rungumi piyanon lantarki tun da waƙoƙin finafinan Kano suka yaɗu, sai dai galibi murya ɗaya ce bisa kiɗan da na'ura ke maimaitawa, saƙar kalangu da ɗan karɓi ta ɓace. Malamin da ya kunna wa ɗalibansa wannan fuga ta farko, ya ce su bi murya ta ƙasa kaɗai har ƙarshe, ya ba su aikin da kunnensu ya riga ya iya tun daga gida.