Gindin Waƙa da Gasar Ƙasashe

Wani malami da muke zama majalisa ɗaya a Kalgo, bakin hanyar Bunza, ya ce mini waƙoƙin gasar ƙasashe ba su cancanci a zauna a yi nazarinsu ba. Wai waƙa ce ta minti uku, an ƙera ta don ta burge alƙalai dare ɗaya, kuma rabinta maimaici ne. A ganinsa duk waƙar da yaro zai haddace a ji ɗaya ba ta da zurfi. Maganar ta tsaya mini a rai har na koma gida Gwandu, domin abin da ya raina ɗin nan, a kansa makaɗanmu suka gina sana'arsu tun kaka da kakanni.

Gasar da yake nufi, wato Eurovision, ta fara a 1956 a garin Lugano na ƙasar Suwizalan, da ƙasashe bakwai. Daga cikinta ƙungiyar ABBA ta Suwidin ta fito a 1974 a Brighton da waƙar Waterloo. Alƙalan Ingila ba su ba ta ko maki ɗaya ba, amma ta ci gasar, kuma bayan 'yan makonni ita ce a saman jerin faifan da aka fi saye a Ingilar. Celine Dion ma ta ci a 1988 a Dublin da ratar maki ɗaya tak. Waɗannan sanannu ne. Ni waɗanda suka faɗi gasar suka fi ɗaukar hankalina.

A 1958 Domenico Modugno ya wakilci Italiya ya zo na uku. Waƙar Faransa da ta ci a shekarar, yau da wuya ka sami mai tuna ta. Ta Modugno kuwa ta yi mako biyar tana ta ɗaya a Amurka, da harshen Italiyanci, ta kuma ɗauki manyan kyaututtuka biyu a bikin Grammy na farko a 1959. Abin lura shi ne sunan da mai ita ya raɗa mata dogo ne, amma duniya ta yi watsi da shi, ta kira ta Volare, wato kalmar da amshinta ya fara da ita. Haka muke yi a nan. Na sha tsayawa a rumfar mai kaset a kasuwar Gwandu, mutum ya zo bai san sunan waƙa ba, wani lokaci ko sunan makaɗin bai sani ba, sai ya ɗan duƙa ya rera amshin ƙasa-ƙasa yana buga teburi da yatsa. Mai rumfa bai cewa komai, sai ya miƙa hannu ya zaro kaset ɗin. Na ga wani Bazabarme da ya biyo ta Kamba ya yi haka, Hausar bakinsa ba ta wuce ta ciniki ba, amma amshin ya fito daidai, har da inda ake jan numfashi.

Masu nazarin waƙar baka, irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, sun raba mana waƙa zuwa gindi da ɗiya. Ɗiyan waƙa su ke ɗauke da kaya: sunan ubangida, asalinsa, kirarinsa, zambon abokin gabarsa, habaicin da sai ɗan fada zai san wanda aka nufa. Wannan kaya mai nauyi ne, bai tafiya nesa. Ka kai ɗan waƙar Narambaɗa wajen wanda bai san sarautar Isa ba, rabin daɗin ya zube a hanya. Gindi kuwa an sauƙaƙe masa kaya da gangan. Gajere ne, yadda numfashi ɗaya ko biyu zai ɗauke shi. Yakan ƙare da wasali buɗaɗɗe wanda za a iya ja gwargwadon yadda kiɗa ya nema. Yana zaune daram a kan bugun kotso ko kalangu, har ya zama idan aka yi shiru aka bar ganga kaɗai, kunne yana jin kalmomin a cikinta. Kuma yana dawowa a lokacin da mai sauraro ya fara ƙosawa da jiransa, ba kafin nan ba. Gwanintar jagora tana nan, a wannan jinkirin: ya ja ɗa, ya ƙara ja, ya yi kamar zai dire sai ya sake ɗauka, jama'a duk sun buɗe baki, sannan ya saki, 'yan amshi su faɗa kan gindi gaba ɗaya.

Duk wannan yana cikin waƙar Modugno. Ɗiyanta suna tafe a hankali kamar mai ba da labarin mafarki, sai ya dakata, sai kalma guda mai gaɓa uku ta fito a jaye, bayanta kuma sai wasali zalla wanda ba na kowane harshe ba ne. Wannan gurbin an bar wa mai sauraro ne ya shiga. Ba'amurken da bai san Italiyanci ba ya zama ɗan amshi bai sani ba. Ko a 2022 abin bai sake ba: Rosa Linn ta Armeniya ta zo ta 20 a Turin da waƙar Snap, sai matasa suka yanko amshinta, mai tafiya da ƙyasta yatsu da ƙidaya, suka baza a TikTok, har ta shiga jerin Billboard na Amurka. Alƙalai sun auna waƙar gaba ɗayanta, kasuwa kuwa gindin kawai ta ɗauka.

Za a ce ai kari ne ke tafiya, ba amshi ba, a kawo misalin waƙar Luksambag ta 1967 wadda ta zo ta huɗu, Paul Mauriat ya cire mata kalmomi ya kaɗa ta zalla, ta yi ta ɗaya a Amurka a 1968. Wannan ba ya rushe komai. Wanda ya taɓa jin makaɗin kalangu yana faɗin amshi da ganga ya san kari da amshi ba su rabuwa.

Mu ma muna da namu misalin a maƙwabta. Nijar ta kafa gasar Ɗan Gurmu don ta tayar da kiɗan zamani, kuma a cikin mawaƙan da suka taso a wannan zamani akwai Sa'adu Bori. A 1994 shi da Musa Fusi suka fitar da faifan Niamey Twice. Waƙar Sa'adu Bori mai suna Dango ta tsallako iyaka ba tare da wani ya yi mata talla ba, a aljihun direbobi da 'yan kasuwa, ta mamaye gidajen biki da tashoshin mota na Arewa. Ina yaro na ji ta a wajen wani biki a Kalgo, janareta na ƙara, mata sun yi da'ira, kuma na tabbata da yawansu ba za su iya kawo ɗa guda daga cikinta ba. Amma da an iso gindi sai fili ya ɗauka baki ɗaya.

Abin da ke damuna shi ne mawaƙanmu na situdiyo da ke mafarkin fita waje sun ɗauki darasin a baibai. Suna aro kiɗan Legas, suna cusa Turanci, suna zaton harshe ne ya tare musu hanya. Alhali abin da suka yar shi ne 'yan amshi. Yanzu mawaƙi shi kaɗai yake shiga ɗaki, ya rera amshinsa, kwamfuta ta ninka masa murya sau huɗu. Shata kuwa, kafin amshinsa ya isa kunnen jama'a, ya riga ya bi ta bakin yaransa. In yana da kalma mai sarƙe harshe, su za su fara tuntuɓe da ita. In ya yi tsawo, numfashinsu zai nuna tun a daren farko, a gyara. Bakunan nan biyar ko shida su ne alƙalan gasar farko, kuma ba a yaudararsu, domin su za su maimaita abin sau ɗari kafin gari ya waye. Kwamfuta duk abin da aka ba ta karɓa take yi.

Ranar Juma'a mai zuwa zan koma majalisar Kalgo da waƙoƙi biyu a wayata, ta Modugno da ta Sa'adu Bori. Zan kunna wa malamin su a jere, in roƙe shi ya ƙirga daƙiƙa nawa kowacce ta ɗauka kafin ta iso gindi.