Mai Karatu a Matsayin Marubucin Tarihi: Sharhi a Kan Rayuwa da Aikin Harry Warner

1.0 Gabatarwa

Manazarta tarihin adabi sun fi mayar da hankali ga marubuci da mawallafi, ba safai suke waiwayar mai karatu ba. Wannan takarda ta dubi Harry Warner (1922-2003), ɗan jarida daga garin Hagerstown na jihar Maryland a Amurka, domin a ga irin gudummawar da mai karatu ke iya bayarwa, da kuma inda ta tsaya.

2.0 Rayuwarsa

Mujallar Amazing Stories, wadda Hugo Gernsback ya fara bugawa a 1926, ta riƙa fitar da wasiƙun masu karatu tare da adireshinsu. Ta haka masoya ƙagaggun labaran kimiyya suka san juna, har suka shiga gurza ƴan mujallunsu na kansu suna aika wa juna ta gidan waya, ba don riba ba. Warner ya shiga wannan sahu a 1938 da mujallarsa Spaceways, bai cika shekara 16 ba. A 1939 ya ƙara da Horizons, wadda bai daina fitarwa ba sai da ya rasu. Ba ya son zuwa taro, amma ya shahara wajen rubuta wa editoci wasiƙun sharhi.

3.0 Sharhi

Babban aikinsa shi ne All Our Yesterdays (1969), tarihin waɗannan masoya a shekarun 1940. Darajarsa tana fitowa idan aka kwatanta shi da The Immortal Storm (1954) na Sam Moskowitz. Moskowitz yana cikin waɗanda suka shirya babban taron New York na 1939, inda aka hana wasu abokan hamayyarsu shiga, don haka ya ba da labarin a matsayin wanda abin ya shafa. Shi kuwa Warner daga gefe ya tsaya, ya auna maganar kowane ɓangare cikin natsuwa.

Sai dai wannan keɓewa ita ce kuma rauninsa. Madogararsa mafi girma ita ce tarin mujallu da wasiƙun da ya adana. Wanda ya yi rubutu ya samu shiga. Wanda ya karanta ya yi shiru, ko ya yi muhawararsa da baki, da wuya a ji ɗuriyarsa. Haka kuma littafin ya fi kula da mutane da ƙungiyoyinsu fiye da labaran da suka haɗa su tun farko.

4.0 Kammalawa

Aikin Warner ya nuna cewa takardun da ake rainawa suna iya zama tushen tarihin adabi, muddin an samu mai adana su. Amma wajibi ne ɗalibin da zai dogara da irin wannan madogara ya riƙa tambaya: su wane ne ba su bar rubutu ba?