Daga Bindiga Zuwa Kyamara a Gaɓar Tekun Birtaniya

Daga Afrilu zuwa Yuli, duwatsun alli na Bempton da ke gaɓar Yorkshire a Ingila kan cika maƙil da tsuntsayen teku kusan rabin miliyan. A bisa dutsen, wanda tsayinsa ya haura mita 100, masu tattaki ne jere, kowa da kyamara mai dogon baki. Galibinsu tsuntsu ɗaya suke dako, wato fafin mai baki ja da ruwan ɗorawa.

Kakanninsu da bindiga suke zuwa. A ƙarni na 19, 'yan yawon shaƙatawa kan shiga jirgin ruwa su yi ta harbin tsuntsayen nan don nishaɗi, har ɓarnar ta sa majalisar Birtaniya ta kafa dokar kare tsuntsayen teku a 1869. Mutanen yankin kuwa sun ci gaba da sauka da igiya suna kwasar ƙwai, sai dokar 1954 ta tsayar da su. A tsakanin nan ne 'yan uwa biyu, Richard da Cherry Kearton, suka shiga sauka da irin wannan igiya ɗauke da kyamara. Littafinsu na 1895 kan sheƙunan tsuntsaye hotuna ne suka ƙawata shi gaba ɗaya.

Sai dai al'adar ɗaukar hoton ta maƙale wa hoto guda: fafin tsaye, ƙananan kifaye reras a bakinsa. Dubban mutane na komawa gida da shi duk shekara, kuma mai kallo sai ya ɗauka teku lafiya lau take, alhali ɗumamar ruwa da kamun kifi sun rage wannan kifin da tsuntsayen ke ciyar da 'ya'yansu da shi. A 2024 sai da aka hana kamunsa a ruwan Sikotilan da ɓangaren Ingila na Tekun Arewa.

Ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB ta juya hoton ya zama hujja. A 2017 ta roƙi jama'a su aiko da hotunan fafin riƙe da kifi, aka samu fiye da 1,400, masana suka zauna suna ƙidaya kifayen suna tantance irinsu, don gano wuraren da abinci ya yi ƙaranci.

Murar tsuntsaye ta 2022 ta ƙara sauya abin da ake ɗauka. An rufe tsibiran Farne, wata matattarar tsuntsayen teku, ga baƙi kusan shekara biyu. A Bass Rock na Sikotilan, matattarar tsuntsun ganet na arewa mafi girma a duniya a lokacin, dubbai sun mutu. Daga baya aka lura idon wasu da suka rayu ya koma baƙi, maimakon shuɗi mai haske da aka sani, kuma gwajin jini ya nuna yawancin masu baƙin idon sun kamu da cutar sun warke. Yanzu mai hoton da ya san wannan, in ya saita kyamara a kan ganet, idon yake fara dubawa.