Garƙame Makaranta Ba Shi Ne Magani Ba

Jama'ar Bagama, mu faɗa wa juna gaskiya. Duk sanda 'yan bindiga suka afka wa makaranta a jihar nan, maganin hukuma ɗaya ne: a sa kwaɗo.

A Fabrairun 2021 aka kwashe ɗalibai 27 daga Kwalejin Kimiyya ta Kagara, aka harbe ɗaya. Gwamna Abubakar Sani Bello ya rufe makarantun kwana a Rafi, Mariga, Munya da Shiroro. To me ya biyo baya? Ranar 30 ga Mayu sai ga maharan a Islamiyyar Salihu Tanko ta Tegina, a Rafin dai, makarantar jeka-ka-dawo. Suka kora yara fiye da 100 daji, sai da suka yi kusan wata 3. A Nuwamban 2025 aka maimaita a St. Mary's ta Papiri, Gwamna Umaru Bago ya rufe makarantun jihar gaba ɗaya, har namu na Suleja.

Ba wanda zai ga laifin rufewar 'yan kwanaki don a tsira da rai. Amma fa kwaɗo ba ya ƙwace bindiga. Yaro ya zauna gida, karatu ya tsaya, yarinya ta koma talla, ɗan bindiga kuma yana nan yana jiran ranar buɗewa.

Kuma ba tsari ne babu ba. Tun 2014, bayan sace 'yan matan Chibok 276, aka ƙaddamar da shirin kare makarantu. A 2022 gwamnatin tarayya ta fitar da tsarin kashe naira biliyan 144.8 daga 2023 zuwa 2026. Don Allah kowa ya leƙa firamare ko Islamiyyar da ɗansa ke zuwa. Akwai katanga? Akwai mai gadi? Malam yana da lambar da zai kira a ɗauka? Idan babu, ina kuɗin suka tsaya? Wannan tambaya kansila da ɗan majalisarmu ya kamata su amsa, a gaban jama'a.

Mu ma da namu. Ƙungiyar iyaye da malamai ta daina zama sai ranar karɓar kuɗi. Kowace makaranta ta riƙe rajistar lambobin iyaye, ƙofa ɗaya ta shiga, 'yan sintiri su tsaya lokacin tashi. Mai unguwa ya kira taro kan wannan tun kafin zangon karatu mai zuwa. Allah ya tsare mana 'ya'yanmu.